Tsere da Baƙar Fumfuna a Candigar

Candigar gari ne da aka gama zana shi a takarda kafin a aza masa tubali ko ɗaya. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, Lahor, tsohuwar hedikwatar Panjab, ta faɗa ɓangaren Pakistan. Sai gwamnatin Firaministan Indiya Nehru ta ɗauko Le Corbusier, mai zanen gine-gine haifaffen Suwizalan mazaunin Faransa, ta ce ya fitar mata da sabon birni a gindin tsaunukan Shibalik. Ya yanka filin unguwa-unguwa, kowacce mita 800 a faɗi, 1,200 a tsawo, ya ba su lambobi maimakon sunaye. Yau garin ne hedikwatar jihohi biyu, Panjab da Hariyana. Wanda ya kwana cikin hayaniyar Delhi, ya hau jirgin ƙasan Shatabdi da sassafe, ya wuce Fanifat da Ambala, idan ya sauka a nan sai ya ɗauka wata ƙasar aka kawo shi. Tituna a miƙe, shataletale bayan shataletale, itatuwa sun yi wa hanya rumfa.

Ni dai ba kallon gari ya kai ni ba. Sana'ata gwajin jini da majina da duk abin da likita kan aiko ɗakin gwaje-gwaje. Na je ne a tsakiyar hunturu, lokacin da hazo ke kwana a kan gonakin alkama har hantsi, don in zauna kusa da masu aiki a sashen nazarin fumfuna na babban asibitin koyarwa da ke Unguwa ta 12. Sunansa a takarda dogo ne, amma daga direban a-daidaita-sahu har farfesa kowa PGI yake ce masa. An kafa shi a 1962, Nehru da kansa ya buɗe asibitin a shekarar da ta biyo. Kimanin mutum 10,000 ne ke zuwa ganin likita a kowace ranar aiki, daga Panjab da Hariyana da Himacal da Kashmir, wasu har daga Bihar mai nisa, da barguna da tukwane, sun shirya wa doguwar jinya.

A bakin ƙofa kullum za ka tarar da layin abinci. Mabiya addinin Sikh suna da al'adar da suke kira langar: a dafa, a raba wa kowa, ba a tambayar addininka balle garinku. Wani ɗan kasuwar ayaba mai suna Jagdish Lal Ahuja, wanda ya tsallako daga Feshawar yana yaro lokacin rabuwar ƙasa, ya shafe kimanin shekara 20 yana ciyar da masu jinya a ƙofar wannan asibiti, yana sayar da kadarorinsa ɗaya bayan ɗaya don kada wutar murhu ta mutu. Gwamnati ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 2020, ya rasu a ƙarshen 2021, kuma har yanzu akwai masu irin aikinsa a wurin. Ni ma an miƙo mini gurasa da miyar wake, na karɓa da hannu biyu.

A wajenmu idan aka ce fumfuna, hankali kan tafi ga burodin da ya daɗe a leda ko tuwon da aka manta a kwano. In an matsa, a tuna makero a kan yaro ko kyasbi a wuyan saurayi, abin da ake shafa wa mai ya wuce. Amma tana da wata fuskar da ba a cika maganarta ba. Kowannenmu yana shaƙar ƙurar irinta a kullum, garkuwar jiki tana share ta ba tare da mun sani ba. To ka dubi mutumin da ke kwance a ɗakin gobe-da-nisa. An zura masa roba a babbar jijiyar wuya, na'ura ce ke yi masa numfashi, wataƙila an yanka cikinsa, ana wanke masa ƙoda, an ɗura masa antibayotik masu ƙarfi har sun kashe bakteriyar da ke tsare masa hanji. Duk ƙofofinsa a buɗe suke. Fumfuna sai ta shiga jini, ko huhu, ko ƙwaƙwalwa, alhali alamarta ba ta wuce zazzaɓin da kowa zai ɗora wa wani abu dabam ba. Farfesa David Denning na Jami'ar Manchesta ya fitar da ƙiyasi a 2024 cewa mutum miliyan 6.5 ne ke kamuwa da irin wannan ciwo a shekara, miliyan 3.8 daga cikinsu suna mutuwa, kuma kimanin miliyan 2.5 fumfunar ce da kanta ta kashe su. Wannan ya ninka kisan zazzaɓin cizon sauro kusan sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai a watan Oktoba na 2022 ta fitar da jerin farko na nau'o'in fumfuna 19 da ta ce a sa musu ido.

Magungunan ma kaɗan ne, kuma akwai dalili. Ƙwayar halittar fumfuna ta fi kusa da tamu a kan ta bakteriya, don haka abin da zai kashe ta yakan taɓa mai ita. Manyan rukunan maganin da ake yaƙar ta da su a jikin mai tsananin ciwo uku ne kacal, kuma kowanne akwai fumfunar da ba ya yi wa komai.

Wannan ne ya sa abin da ya fi burge ni a Candigar ba wata na'ura mai tsada ba ce, ko da yake suna da su. Wani teburi ne a gefen taga, da madubin likita, da faifan gilas, da 'yar kwalbar ruwan sinadarin da muke kira KOH. Wani dattijo mai rawani irin na Sikh shi ne a wurin. Wata safiya aka shigo da ɗan guntun nama a ruwan gishiri, an ciro shi daga cikin hancin wani mai ciwon suga da ya wayi gari da kumburin ido ɗaya. Dattijon bai niƙa naman ba, sai ya yayyanka shi ƙanana da aska, domin zaren wannan fumfuna ba shi da ƙwari, niƙa yana kashe shi ya hana shi tsirowa a faranti. Ya ɗiga ruwan sinadarin, wanda ke narkar da naman mutum ya bar zaren fumfuna. Ya ƙara wani rini da ke sa zaren ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman. Ya duba, sannan ya ja kujerarsa baya ya nuna mini in leƙa.

Gani ya kori ji. Zaruruwa ne masu faɗi, a baje, suna lanƙwashewa, babu gaɓoɓi a jikinsu, kuma reshe yana fita a miƙe ya yi kusurwa kamar ta ɗaki. Wannan dangin Mucorales ne, masu jawo ciwon mukomaikosis. Da a ce zaren siriri ne, mai gaɓa-gaɓa, reshensa na fita a karkace, da an karkata ga wata fumfunar mai suna Aspergillus. A faifan gilas bambancin bai kai gashi ba, amma a gadon majinyaci rai ne da mutuwa. Maganin farko na Aspergillus shi ne borikonazol, tun bayan wani babban gwaji da aka buga a 2002 wanda ya nuna ya fi tsohon magani ceton rai. Wannan borikonazol ɗin kuwa idan aka ba mai Mucorales, ruwa aka ba shi. Gwaje-gwajen jini na zamani da ke gano Aspergillus da Candida ba sa ganin Mucorales, kuma kusan ba ta taɓa tsirowa a kwalbar jini. Abin da ya rage shi ne ido.

Dattijon bai tsaya rubuta takarda ya jira masinja ba. Waya ya ɗauka ya kira likitan da ya aiko naman. Kafin azahar an rataya wa mutumin ruwan magani, likitocin hanci da maƙogwaro suna shirya ɗakin tiyata. Wannan hanzari ba rawar kai ba ce. Wani bincike da aka yi a cibiyar ciwon daji ta MD Anderson a Amurka, aka buga a 2008, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa jinkirin magani na kwana 6 ko fiye, kashi 83 cikin 100 sun mutu cikin mako 12, waɗanda aka fara wa da wuri kuwa kashi 49 ne. Kowa a sashen ya san wannan lissafi, kuma za ka gan shi a tafiyarsu.

Dalilin gaggawar yana cikin ɗabi'ar fumfunar. Ba ta tsayawa a fatar cikin hanci. Jijiyoyin jini take nema, ta shiga ta toshe su, naman da suke ciyarwa ya mutu ya yi baƙi. Daga kogon hanci ta haura ramin ido, daga nan ƙwaƙwalwa, ko ta gangara ganɗa da muƙamuƙi har haƙora su fara girgiɗi. Aikinta irin na gara ne a azara: daga waje fuska ta ɗan kumbura kawai, a ciki ƙashi ya rube. Tunda kuma jini ba ya kaiwa ga mataccen nama, magani ma ba ya kaiwa. Shi ya sa allura kaɗai ba ta isa, dole likitan tiyata ya shiga ta hanci da 'yar kyamara ya kankare har sai ya ga nama mai zubar da jini, wani lokaci ya sake komawa bayan 'yan kwanaki.

Duk wanda ka yi hira da shi a wurin, maganar sai ta koma kan 2021. A tsakiyar zagaye na biyu na annobar korona, lokacin da ake neman iskar oksijin ido rufe a Delhi, sai ga mutanen da suka warke, har an sallame su, suna dawowa da ciwon rabin fuska, toshewar hanci, fatar ido ta faɗi, gani yana rabuwa biyu. Jaridu suka sa mata suna baƙar fumfuna. A ranar 20 ga Mayu gwamnatin tarayya ta nemi jihohi su sa ta cikin cututtukan da tilas a kai rahotonsu, a ƙarƙashin wata dokar annoba ta 1897 da aka gada daga Turawan mulki. Kafin ƙarshen Yuli an shaida wa majalisar dokoki cewa mutum sama da 45,000 sun kamu, sama da 4,300 sun mutu. Jihohin Maharashtara da Gujarat ne suka fi jin jiki. Asibitoci suka buɗe ɗakunan kwanciya na wannan ciwo kaɗai, abin da duniya ba ta taɓa gani ba.

An yi ta zarge-zarge. Wasu suka ce tukwanen oksijin na masana'antu ne, wasu suka ce ruwan da ake jiƙa iskar da shi, wasu suka ce takunkumin fuska mai datti. Da aka zauna aka ƙirga, sai abu biyu suka fito fili: ciwon suga da magungunan sitiroyid. A watan Yuni na 2020 wani gwaji a Birtaniya ya nuna cewa deksametazon, miligiram 6 a rana har kwana 10, yana ceton ran mai korona da ke buƙatar oksijin. Labarin ya bazu, amma ma'aunin bai bazu tare da shi ba. Aka riƙa ba wanda numfashinsa lafiya lau, aka riƙa ninka adadin, aka riƙa zarce kwanakin, wasu ma a kemis suka saya da kansu. Sitiroyid yana kwantar da dakarun jini da ke cinye ƙurar fumfuna, yana kuma ɗaga suga. Idan suga ya yi tsanani har jini ya yi tsami, sinadarin ƙarfen da ke ɗaure a jini yana sakuwa, shi ne kuwa abincin wannan fumfuna. Ga ƙasa mai masu ciwon suga miliyan 101, kamar yadda binciken hukumar nazarin lafiya ta Indiya ya nuna a 2023, da yawansu ba su ma san suna da shi ba. Likitocin ido na ƙasar sun tattara bayanan mutum 2,826 da ciwon ya taɓa wa hanci da ido da ƙwaƙwalwa, suka tarar kashi 87 cikin 100 an ba su sitiroyid, kashi 78 kuma masu ciwon suga ne.

A nan ne na fahimci dalilin da ya sa sunan Candigar ya yi ta fitowa a wancan lokaci. Mutanen nan ba annoba ce ta koya musu ciwon ba. Farfesa Arunaloke Chakrabarti, wanda ya daɗe yana jagorantar wannan fanni a PGI, ya kuma shugabanci ƙungiyar masana fumfunar mutane da dabbobi ta duniya, tun 2001 shi da abokan aikinsa suka buga bayanin mutum 129 da suka gani a wannan asibiti cikin shekara 10. A 2006 suka sake bugawa: mutum 178 cikin shekara 5 kacal, kuma suka nuna yatsa ga ciwon sugar da ba a kula da shi. Wato shekara 15 kafin duniya ta ji labari, su suna ƙirga, suna adana kowace fumfuna da suka ciro daga jikin mutum a rumbun ƙasa da ke sashen, suna horar da ma'aikatan wasu asibitoci. Da korona ta zo, haɗakar cibiyoyi 16 ta duba watannin Satumba zuwa Disamba na 2020, ta ga masu ciwon sun ninka na shekarar da ta gabaci wannan fiye da sau biyu. Ba don an san adadin waccan shekarar ba, da wa zai ce an ninka? Aikin da ba ya jawo tafi, rubuta suna da kwanan wata a littafi shekara da shekaru, shi ya ba su bakin magana ranar da ake neman mai magana.

Maganin kansa tsoho ne. Amfoterisin B an samo shi ne a 1955 daga wata ƙwayar halitta da ke cikin ƙasar da aka ɗebo a yankin kogin Orinoko a Benezuwela. Yana kama wani kitse da ke jikin bangon ƙwayar fumfuna ya huda shi. Launinsa ruwan ɗorawa, kuma ma'aikatan jinya suna girmama shi girmamawar tsoro. Da ruwan suga ake haɗa shi, domin idan ya gamu da ruwan gishiri dunƙulewa yake. Tsohon nau'insa yana sa makyarkyata har gado ya riƙa motsi, yana zubar da sinadarin fotashiyam da maganiziyam ta fitsari, yana kuma cin ƙoda. Daga 1990 aka fara samun nau'in da aka naɗe cikin ƙananan ƙwallayen kitse, wanda ya fi sauƙi ga ƙoda, har a iya ba da miligiram 5 zuwa 10 a kan kowane kilo na nauyin mutum. Yi lissafi da kanka. Kowace 'yar kwalba miligiram 50 ce, mai kilo 60 yana buƙatar aƙalla kwalba 6 a kullum, na makonni, kowacce kuma dubban rupi. A 2021 maganin ya yi ƙarancin da har kotuna suka shiga maganar rabonsa, mutane suna sayar da gona da gwal ɗin matansu. Yanzu kam kamfanonin ƙasar da dama suna yin sa, kuma a layin kemis na Unguwa ta 11, tsallaken titi daga asibitin, na ga ana miƙa shi cikin akwatin ƙanƙara.

Na bi zagayen safe a ɗakin masu tsananin ciwo, ina daga baya, hannu a goye. A jikin kowane gado akwai takarda da ake rubuta suga, fitsarin da ya fita, da sakamakon gwajin ƙoda da fotashiyam. Kafin a rataya amfoterisin sai an fara ba da ruwan gishiri don kare ƙoda, a wanke robar, sannan a sa shi a hankali. Abin da ya ja hankalina shi ne yawan waɗanda ke da bakin magana a kan mutum ɗaya: likitan hanci, likitan ido, mai hoton ƙwaƙwalwa, likitan suga, likitan ƙoda, da mutumin ɗakin gwaje-gwaje. Na ji an yi doguwar muhawara a kan idon wata mata, ko a cire ko a bari. Cire ido na iya tsayar da ciwon, amma ba ya dawowa. Aka tsaya a kan a riƙa yi mata allurar maganin a bayan ƙwayar idon, a sake hoto, in ya ci gaba sannan a yi mai wuyar. Ƙaramar likita ce ta kawo shawarar, babban kuma ya saurara har ta dire.

Mukomaikosis ita ce mai suna, amma wadda ta fi yawan ɗauke rai a ɗakin gobe-da-nisa shiru take yi. Candida, dangin yis, tana zaune a hanjinmu da fatarmu tun fil azal, sai ta sami roba ko rauni ta faɗa jini. A nan ma Chakrabarti da jama'arsa sun ƙirga. Daga 2011 zuwa 2012 suka bi ɗakunan masu tsananin ciwo 27 a faɗin Indiya, suka sami mutum 1,400 da Candida ta shiga jininsu, kusan kashi 45 cikin 100 sun mutu cikin wata guda. Littattafan Turai suna cewa Candida albicans ce kan gaba, amma a Indiya sai aka tarar Candida tropicalis ce, da kashi 42. Kashi 5 kuma wata baƙuwa ce, Candida auris, wadda aka fara ganowa a 2009 a kunnen wata tsohuwa a Japan. Wannan ba ta jin fulukonazol, maganin da ya fi araha kuma kowa ya fi sani. Tana manne wa ƙarfen gado da katifa na makonni, tana tsallakawa daga majinyaci zuwa majinyaci, tsofaffin na'urorin gwaji kuma sukan kira ta da sunan wata. A wani asibiti a Oksfod an gano cewa ma'aunin zafin jiki da ake sa wa a hammata ne ya riƙa yawo da ita.

Na ga yadda suke yi idan kwalbar jini ta nuna yis. Tun kafin a san sunansa an fara kasfofanjin ko ɗan'uwansa, rukunin da ya shigo a 2001, mai rusa bangon fumfuna, wanda jikin mutum ba shi da irinsa. A zare robar wuya a sa sabuwa a wani wurin. A riƙa ɗibar jini har sai kwalba ta fito fes, daga ranar a ƙirga kwana 14. A duba bayan ido da zuciya ko ta yi sheƙa a can. In na'ura ta ce auris ce, a keɓe gadon, a goge komai da bilic, a shafo hammata da matsematsin maƙwabtansa a gwada. In kuwa mai jin magani ce, kuma majinyaci ya farfaɗo, a sauko da shi zuwa fulukonazol, a rage wa iyalinsa nauyi.

Akwai kuma ranar da na ga sun ƙi ba da magani, kuma wannan ya burge ni ba kaɗan ba. An sami Candida a majinar wani dattijo da ke kan na'urar numfashi, wani sabon likita ya so a fara allura. Babbarsu ta ce a'a, Candida a majina zama kawai take yi, ba ciwon huhu ba ne, a nemi dalilin zazzaɓin a wani wuri. Tana da hujja. Wani gwaji da aka yi a Faransa a kan mutum 260, aka buga a 2016, ya nuna cewa watsa wa masu tsananin ciwo mikafanjin bisa zato kawai bai ƙara yawan masu tsira ba. Mutanen da suke gudu da waya a hannu saboda zare ɗaya a faifan gilas, su ne kuma suke riƙe hannu idan babu hujja. A ganina haɗa waɗannan biyu ya fi mallakar kowace na'ura wuya.

Ina zaune a wurin, gida yana ta zuwa mini a rai, ba don kewa kaɗai ba. Ciwon suga ya yi yawa a cikinmu, kuma da yawa sai ƙafa ta ruɓe suke sani. Deksametazon kuwa a kemis ake saye kamar alewa, har 'yan mata suna sha don ƙiba, abin nan da ake kira sha-ka-fashe. Ƙura ba sai an faɗa ba. Majinyatanmu suna zuwa Indiya dashen ƙoda da maganin daji, su dawo da garkuwar jiki a kwance. A 2022 masana a Legas, ƙarƙashin jagorancin Rita Oladele, sun ba da rahoton mutum 4 da aka samu da Candida auris a jini a Najeriya. Wani bincike da aka buga a shekarar ya duba cibiyoyi 40 a ƙasashen Afirka 21, ya tarar 5 ne kawai ke da mafi ƙarancin kayan gano fumfuna da ake buƙata. Sau nawa zazzaɓi ya ƙi jin antibayotik a ɗakunanmu aka canza wani, aka sake canza wani, har aka ce kwana ya ƙare? Kwana kam na Allah ne. Amma madubin likita muna da shi a kowane babban asibiti, KOH kuma ba ya cikin kayan da suka fi ƙarfin aljihu. Abin da dattijo mai rawani ya fi mu da shi, likitan da ke sama ya yi zargin fumfuna ya aiko masa da naman, shi kuma ya san za a ɗauki wayarsa.

Kafin in taso wani likitan haƙori ya ja ni zuwa ɓangarensu, wai in ga ƙarshen labarin, tunda mu mutanen gwaje-gwaje farkonsa kawai muke gani. Waɗanda aka cire wa ganɗa ko rabin muƙamuƙin sama suna rayuwa da rami tsakanin baki da hanci. Ruwa in sun sha ta hanci yake fitowa, magana kuma ba a fahimta. A nan ake auna bakin mutum a ƙera masa marfi na roba mai ɗauke da haƙora, wanda zai toshe ramin. Wanda ya rasa ido a yi masa na silikon, a daidaita launin da fatarsa, a maƙala a jikin tabarau. Bayan allura kuma akwai watanni na ƙwayoyin fosakonazol ko isabukonazol, da gwajin suga ba fashi.

Na tarar da wani manomi daga Hariyana, ƙato, ya zo a gyara masa marfinsa da ya fara sakwarkwacewa. Da ya ji daga Najeriya nake, kuma na jefa masa 'yan kalmomin Indiyanci da na tsinta a finafinai tun ina yaro, sai ya fashe da dariya har marfin ya nemi faɗowa. Ya sa yatsa ya mayar, ya ci gaba da magana, likitan yana fassara mini. Ba tiyatar ce ke damunsa ba, ba kuma gonar da ya jinginar ba. Ƙararsa ita ce matarsa ta ɓoye gwangwanin sukari, shayi ya zama ruwan zafi, kuma rabonsa da zalabiya tun kafin korona. Matar tana gefe da jakar takardun asibiti a cinya. Ta zaro littafin da take rubuta sugansa safe da yamma ta miƙa wa likita, ta ce a duba shafin makon jiya, ranar bikin ɗan ƙanensa, sannan a tambaye shi ko da gaske rabonsa da zalabiya tun kafin korona.